Ranar da Ladan Ya Zo Zaman Turanci

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Allo na yi a Djougou, wadda mu muke ce wa Zugu, na kai inda na kai, aka cire ni aka sa ni bin kaya. Yaren Dendi da na Yom a unguwa na tsince su, Faransanci a bakin 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito, Barganci a kasuwar Parakou. Turancin Ingila ne ya rage, wanda yaran nan ke ce wa angale, kuma da na so in mutu ban taɓa shi ba. Sai Indiyawa masu sayen kanju, wato yazawa, suka fara zuwa. Ka zauna da mutum kuna ciniki, ya juya ya yi wa tafintansa magana mai tsawo, tafinta ya juyo ya miƙo maka kalma biyu. Sauran ina suka tafi? Abin da ya kai ni zaman Turanci na unguwar Ladjifarani a Parakou ke nan, da furfurata.

Zaman ba makaranta ba ne. Ran Lahadi bayan la'asar ake haɗuwa a rumfar wani tela da ba ya aiki ranar, a jera benci, a yi hira. Mai riƙe da wurin Khalida ce, 'yar jami'a, ƙarama a jiki amma ba a ƙetare maganarta. Akwai 'yan jami'a irinta, da wata mai aikin asibiti, da Saley ɗan zemi, wanda ke ɗaukar mutane a babur yana koyon Turanci don ya ce wata rana sai ya ɗauki Baturiya. Wanda Hausa ko Faransanci ya kuɓuce masa, shi ke dafa shayi. Ni na dafa shayin nan har na gaji.

In an gama gaishe-gaishe da labarin mako, sai a yi muhawara. Ba kai ke zaɓar ɓangarenka ba. Goro biyu ake jefawa cikin hular Saley, fari da ja, mutum biyu su sa hannu ba tare da sun leƙa ba. Khalida ta ce in aka bar mutum ya kare abin da yake so, zuciya ce za ta yi magana, ita kuwa baki take son ya motsa. Goron ni nake kawowa. Kakanninmu a kan goro suka sauka Zugu, ba zan zauna a sayo na banza a gabana ba.

To, ga inda Ladan ya shigo.

Ladan abokina ne tun muna samari, daga baya ya auri ƙanwata Ummuhani. Yana zaune Ganou, wata unguwa a Parakou, yana da shagon kayan gyaran babur. Ɗansu na fari Abdulrazak, tun da aka yaye shi aka kawo shi Zugu wurin mahaifiyarmu, kamar yadda ake yi, bayan rasuwarta ya ci gaba da zama a gidana. Ladan kuwa ya riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ya kiran sunansa. In zai ambace shi sai ya ce "na wajenka". In Abdulrazak ya durƙusa ya gaishe shi, sai ya amsa wa bango. A lokacin yaron ya kusa talatin, yana haɗa wa mutane wutar sola a Zugu da ƙauyuka, amma ban taɓa ganin su biyun sun yi hirar da ta wuce gaisuwa ba. Mutanen yanzu da yawa sun saki wannan al'ada. Ladan bai saki ba.

Bara wani ɗan'uwanmu a zangon Kumasi ya kira Abdulrazak, ya ce ya zo su yi aikin sola tare, aiki ya yi masa yawa. Shi ya sa yaron ya fara biyo ni zaman Ladjifarani duk Lahadin da ya shigo Parakou sayen kaya. Ya ce mini yana son tafiyar, amma ba zai ɗaga ƙafa ba sai ya ji daga babansa.

Na kai wa Ladan saƙo a shago. Na tarar da shi ya kai wani ɗan ƙarfe har bakin hancinsa yana neman lambar da ke jiki. Idon ya fara tafiya. Sauran 'ya'yansa mata ne, duk suna gidajen mazajensu.

"Na wajena zai tafi Kumasi. Yana jiran maganarka," na ce.

"Ni ba ni da magana."

"Kana da ita."

"Ya yi abin da ya ga ya fi masa."

"Ladan, shagon nan wa zai riƙe?"

Ya mai da ƙarfen cikin kwali ya ce Allah zai riƙe. Sannan ya ce wai akwai ɗaki a gidan Ganou da ba kowa ciki, ya rasa me zai yi da shi. Ban tambaye shi ɗaki ba.

Na gane. Yana son yaron ya dawo Parakou ya karɓi shagon, amma ya aika a ce yana bukatar ɗan farinsa, gara a ce masa ya fita kasuwa ba wando. In kuma ni na je na ce "babanka ya ce ka zauna", ƙarya na yi, kuma yaron ya san bakin babansa. Haka aka yi ta ja. Na Kumasi yana kira, damina tana matsowa.

Ni kuwa akwai abin da na lura da shi a zaman Turanci. Mutane suna faɗin abin da ba za su faɗa da harshensu ba. Mai aikin asibitin nan ta taɓa ce mana ba ta son aikinta, da Turanci, tana dariya. Da Hausa ko uwarta ba ta faɗa wa ba. Harshen aro ne, kunya ba ta riga ta san hanyar shiga cikinsa ba. Ladan kuma yana da Turancinsa, na kasuwa, wanda ya kwaso Saki da Ikko lokacin da yake sarin kaya can.

Na sami Khalida na ce Lahadi mai zuwa ga abin da za a yi muhawara a kai: matashi ya zauna gida, ko ya fita nema waje. Farin goro zama, ja tafiya. Kuma zan kawo baƙo.

Ta dube ni ta ce, "Baba Maazou, me kake dafawa?"

"Shayi, kamar kullum."

"In ya ƙone ba ruwana."

Sannan na koma wurin Ladan. Na fara da tsokana, na ce yaran jami'a sun ce Turancin Ikko ba Turanci ba ne, ihu ne. Ya ce su wa? Da Turancin nan ya sa wani Inyamuri ya karɓi kayan jabun da ya sayar masa ya ba shi haƙuri. Da na ga ya hau, sai na sauke murya na faɗa masa sauran. Na wajena zai zo. Za a sa goro biyu a hula. Zan sa farin ya zama babba, jan ƙarami. Shi ne babba a wurin, shi zai fara sa hannu.

"Ka ɗauki babban. Ɓangaren zama ke nan. Duk abin da ka faɗa, goro ne ya sa ka. Ba wanda zai ce Ladan ya roƙi ɗansa."

Ya ce Lahadi yana da baƙi.

Ran Lahadi sai ga shi da babbar riga, a bayan babur ɗin Saley.

Abdulrazak na ganinsa ya tashi daga benci ya durƙusa. Ladan ya amsa wa keken ɗinkin tela, ya zauna ya ba yaron kafaɗa. Khalida ta yi masa maraba da Turanci, ya amsa da nasa, da ƙarfi, kamar yana kiran mai ɗaukar kaya. Yaran suka kwashe da dariya, shi ma ya yi.

Aka zo muhawara. Khalida ta faɗi abin da za a tattauna, ta ce baƙo da Abdulrazak. Yaron ya dube ni. Na duba rufin rumfa. Saley ya cire hularsa, na jefa goro, ya miƙa wa Ladan.

Ladan ya sa hannu. Na ga hular tana motsi, ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Ya daɗe. Ya fito da hannu ya buɗe: ƙaramin ja.

Ni da na shekara arba'in ina cin abinci kwano ɗaya da mutumin nan, na manta da abu guda. Ladan bai taɓa ɗaukar babban yanki a gaban mutane ba. Ko nama ne, ko goro. Idanu na kansa, ga ɗansa na jiran abin da zai rage, hannunsa ya ƙi. Ya san babban ne nasa, ya taɓa shi ma, ya bar shi.

"Alhaji tafiya, Abdulrazak zama!" in ji Saley da Hausa.

"Shayi," in ji Khalida.

Abin da suka faɗa zan juya muku shi da Hausa, gajere-gajere kamar yadda ya fito, don Turancin dukansu biyu ba mai nisa ba ne.

Khalida ta ce masu muhawara suna fuskantar juna. Ladan ya juya rabi. Ta ce saura rabi, Baba. Ya ƙarasa. Ta ce kuma duk wanda ya faɗi magana, abokin karawarsa yana da damar ya ce masa don me, dole ya amsa.

Abdulrazak ya fara, yana kallon babban goron da ke hannunsa. Ya kira babansa yallaɓai. Ya ce zama gida ya fi. Ya ce a gida an san ka, an san babanka, ba mai tambayarka takarda. Ya ce abincin waje ba ya zama a ciki. Irin maganar da kowane yaro zai yi ce, har Saley ya fara hamma daga wurin gawayi.

Ladan ya ce, "Abokina." Haka 'yan kasuwar Ikko ke kiran kowa, har wanda za su cuta. "Abokina, abinci ba dalili ba ne. Ciki yana koyo."

Aka yi tafi. Ladan ya gyara zaman riga.

Abdulrazak ya ɗago kai. Ya ce to, ga wani dalili. Akwai tsofaffi. Akwai tsohon da ke kai ƙarfe bakin hancinsa kafin ya ga lamba. Akwai tsohon da ke ba mutum kayan wani babur daban, a dawo masa da shi, ya ce yaron kamfani ne ya yi kuskure. Akwai shagon da in mai shi ya kwanta zazzaɓi, ƙofar a rufe take har ya tashi.

"Wa ya faɗa maka?" in ji Ladan.

"Ina gani, yallaɓai."

"Daga ina kake gani?"

"Daga tsallaken titi. Akwai mai kafe a wurin, mai sayar da kofi. Ina zama."

Wannan ni ma ban sani ba. Yaran jami'a suka daina dariya, don sun fara gane ba labarin wani tsoho can ake yi ba. Khalida ta harare ni.

Ta ce saura Baba.

Na zaci Ladan zai faɗi kalma biyu ya zauna, ya bar yaron ya ci. Abin da mai hankali zai yi ke nan. Amma Ladan ɗan kasuwa ne, an ba shi kaya an ce ya sayar, ga mutane suna kallo. Ya fara a hankali. Ya ce shi yana da ƙuruciya ya hau bayan motar doya ya tafi Saki, babansa bai sani ba. Daga can Ikko. Ya ce ranar farko aka sayar masa da kwalin da rabinsa duwatsu ne. Ya ce an yi masa dariya saboda bakinsa, an kira shi da sunan da ba nasa ba. Inda kalma ta ƙare masa sai ya cika da hannu, ko ya juyo ya tambayi Khalida, ta ba shi, ya ɗora. Ya nuna yadda ake ɗaga ƙarfe a tafin hannu a san na gaske ne ko jabu tun ba a duba ba. Ya ce wannan ba a Ganou ya koya ba. Ya ce ranar da ya dawo Parakou da kayansa na farko a kan mota, ya sauka a tasha, ya ga garin ya yi masa ƙanƙanta, kuma ya ji daɗin hakan.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun muna samari. Abdulrazak kuwa ya saki baki. Labaran nan duk Ganou an san su, har an gaji da su. Shi kaɗai ne bai taɓa ji daga bakin mai su ba.

Ladan ya gama yana haki. Saley ya ce wallahi Alhaji ya ci, ya kuma jawo wa kansa dafa wani shayin, don da Hausa ya faɗa.

Sai Abdulrazak ya ce yana da tambaya.

"Yallaɓai, in ɗanka ne fa?"

Khalida ta buɗe baki za ta ce lokaci ya yi. Na ɗaga mata hannu. Ga ƙofa ta buɗe, ko da ba ta inda na shirya ba. Kalmar zama ba ta da wuya a Turanci, ko ni na san ta.

Ladan ya dubi ɗansa. Ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Ya tafi."

"Don me?"

"Don babansa ya tafi. Kuma bai yi da-na-sani ba."

Aka kira magariba a masallacin unguwa, aka tashi. Da aka fito daga rumfar, Hausa ta dawo. Abdulrazak ya durƙusa ya ce, "Baba, a sauka lafiya." Ladan ya ce wa babur ɗin Saley amin, ya hau.

Washegari ni da yaron muka shiga motar Zugu. An cusa mu gaba mu biyu a kujera ɗaya, gwiwata na jikin giya. Muka yi ta tafiya har Onklou, inda direba ya tsaya sauke buhunan wata mata. Muka fito miƙe ƙafa.

Na ce, "Ka dai san goro ne ya ba shi wancan ɓangaren."

"Na sani, Kawu. Shi ya sa na tambaye shi."

"To ai yana cikin muhawara lokacin da ka tambaya."

"Da ya ce zauna, da na zauna. Har na fara tunanin inda zan ajiye kayan aikina a Ganou."

"Abin da ka faɗa kan shagon fa?"

"Shi ma gaskiya ne." Ya karkaɗe ƙurar wandonsa. "Kawu, tun da aka haife ni sau ɗaya na tambaye shi abu ya amsa mini. In na ce wannan amsar ba ta ƙirgu ba, wacce zan riƙe?"

Direba ya danna oda, muka koma muka cusa kanmu.

Kafin ruwan farko, Abdulrazak ya tafi Kumasi. Na raka shi tashar Zugu. Ummuhani ta kira ni a waya ta wanke ni tas, ta ce da na bar su da shirunsu, da yaron na nan Zugu inda take iya zuwa ta gan shi. Ban yi mata musu ba, don ban san ko ƙarya ta faɗa ba.

Da na shigo Parakou na biya shagon. Ladan na zaune. Na ce na wajena ya sauka lafiya. Ya ce madalla. Muka yi maganar kanju, da tsadar mai, da hanyar Zugu. Can na ce masa, tsakaninmu, ranar nan goro ne ya yi magana ko shi?

Sai ya ce:

"Da farko goro ne. Da ya tambaye ni, na so in ce ya zauna. Kalmar tana bakina. Sai na tuna in na faɗa, zai ce don me, yarinyar nan ta ba shi dama. Don me ɗin ne ba zan iya ba, Maazou. Ko da Turanci, ko da Hausa."

"Ai shi ya riga ya faɗa maka dalilin da kansa."

"Shi ya faɗa. Ni ban faɗa ba." Ya juya wani kwali a hannunsa. "Kuma wancan ɗin da na ce, ba ƙarya na yi ba."

Na ce in yana so in kira Kumasi, yaron zai dawo, ko ba a ba shi dalili ba. Ya ce maganar da ya yi a gaban mutane ba zai aika a janye ta a waya ba.

Bai sake zuwa zaman Ladjifarani ba, ko da yake Saley ya sha tsayawa ya ce zai kai shi kyauta. Bayan babbar salla idon ya ƙara yin ƙasa, ya sayar da shagon wa maƙwabcinsa, wani Bayarabe mai sayar da taya. Mutumin ya bar masa benci a bakin ƙofa. Can nake samunsa in na shigo gari.